Sunan 'Yar Fari a Ofishin Ustaza

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da saƙon makarantar nan ya zo ba, ko da kuwa na so in manta. Ina tsaye a bakin tukubata a unguwar Umbadda, ina barbaɗa ƙuli a kan agashe (tsiren nan namu da kakanni suka zo da shi ƙasar Sudan, har Larabawa suka fi mu son sa), sai ga yarinyar ta fito daga gida da wayar marigayiya matata a hannunta. Ba a daɗe da yin sadakar arba'in ɗin uwarta ba, kuma har lokacin in wayar ta yi ƙara sai gabana ya faɗi.

Ta tsaya nesa da hayaƙi ta ce, "Baba, makarantar nan ta Khartoum sun kira. Sun ce akwai gurbi ɗaya, amma sai waliyyi ya je da kansa ranar Lahadi."

Na ce, "To, Gwaggo za ta raka ki."

"Sun ce uba."

Na juya naman da bai kai a juya shi ba.

Kafin a yi min dariya, bari in yi bayani. Yarinyar nan ita ce 'yar farina. A gidan da na tashi, mutum ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya yabonsa, ba ya ma nuna ya san da zamansa in akwai mutane. Mahaifina ya yi rayuwarsa yana tsinkar auduga a Gezira, ya rasu a nan Omdurman, ban taɓa jin sunan yayana a bakinsa ba. Ni ma haka na taso na riƙe. Ƙannenta maza biyu ina kiran sunansu har maƙwabta su gaji da ji, amma ita "ke" ce, in kuma raha ta motsa in ce "'yar Damagaram."

Dalilin wannan laƙabi shi ne, tana ƙarama kakarta ta wajen uwa ta koma Damagaram a ƙasar Nijar da zama, ta tafi da ita riƙo, kamar yadda aka saba yi da 'yan fari. Can ta yi karatu, a makarantar da ake koyar da Faransanci da Larabci tare. Sai da ciwon uwarta ya yi nauyi ta dawo, budurwa, da Hausar da ta fi tawa tsabta da takardun da ban iya karanta ko layi ɗaya a cikinsu ba.

Marigayiya ce ta san kan zancen karatu a gidanmu. Ni iyakata firamare. Tana kwance a asibitin Soba ta tsara komai ta waya, ta aika aka daidaita takardun Nijar da na nan, ta yi ta tambaya har ta samo makarantar 'yan mata wajen Aljirif da ke da malamin Faransanci, don a ɓangarenmu na Omdurman ba mu samu ba. Wata rana da rana ta zaunar da ni a bakin gado, tana zana min abin da yatsa a kan zanen gadon.

Ta ce, "Ka saurara da kyau. Jarabawar shahada ita ke kai yaro jami'a. Larabci da Ingilishi da lissafi da addini dole ne. Ingilishinta ba ƙarfi, can ba su ba shi muhimmanci ba. Amma a cikin darussan zaɓi akwai Faransanci, shi zai ɗaga makinta. In ba shi, ba za ta kai ba. Maimaita: aji biyu, ɓangaren adabi, Faransanci."

Na maimaita kamar ɗan makaranta.

"Kar ka yarda a mayar da ita aji ɗaya. Kar ka yarda a ba ta wani darasi a madadinsa." Ta huta kaɗan, sannan ta ce, "Kuma wata rana ka kira ta da sunanta a gida, ko sau ɗaya ne, ta ji."

Na yi dariya na ce, "Sai kin fito."

To, ga Lahadi ta zo. Na yi dabara irin tawa: zan je, tunda an ce uba, amma zan tafi da Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina, ita za ta yi magana ni kuma in zauna in cika kujera. Gwaggo tsohuwa ce mai sanda, kuma duk danginmu ba wanda ya kai ta tsare al'ada. Ita ce ta taɓa ƙaurace wa wani ɗan'uwanmu tsawon damina don ya ɗauki ɗan farinsa a kafaɗa a cikin kasuwa.

Na sa farar jallabiya, na turara ta don ƙamshin nama ya ɓuya (bai ɓuya ba), na naɗa rawani irin na mutanen nan wanda sai Idi nake sa shi. Muka shiga hafla, motar hayar nan, daga Umbadda, muka tsallaka gada cikin cunkoso, muka sake wata motar. Duk hanya ina maimaitawa a zuciyata: aji biyu, adabi, Faransanci. Yarinyar tana gefen taga da takardunta a kan cinya.

Shugabar makarantar, Ustaza Ihsan, mace ce mai farin tob (lafayar matan nan) da tabarau, irin mutanen da in sun dube ka sai ka tuna duk laifin da ka yi tun kana yaro. A gefe akwai wani siririn mutum a zaune, aka ce shi ne malamin Faransanci. Da Larabci aka yi duk maganar, ni ne nake juya muku ita.

Muna shiga ta miƙe da fara'a ta ce, "Marhaba da Abu..." ta haɗa da sunan yarinyar.

Na waiga bayana in ga wa ake nufi.

Shekara nawa ina zaune cikin Larabawa, na san sarai cewa su da sunan ɗan fari ake girmama mutum. Abokan cinikina ma sun gwada, na roƙe su suka koma kirana da sunan yaron da ke bi mata. Amma ranar nan, da Gwaggo a gefena da yarinyar a bayana, wuyana ne ya juya da kansa. Babu kowa a bayan sai ita da bango.

Ustaza ta ɗan dakata, sannan ta nuna mana kujeru. Ta ce, "Kai ne mahaifinta?"

Na ce, "'Yar gidanmu ce."

"'Yar gidanku." Ta dubi takardun. "Mene ne cikakken sunanta?"

"Yana nan a rubuce, Ustaza."

"Na ga yana rubuce. Kai nake tambaya, ya Hajj."

Na ɗaga kai na dubi fankar da ke juyawa a sama, kamar ni aka kira in gyara ta. Na jira Gwaggo ta karɓi zancen. Gwaggo kuwa sai ta ɗora haɓa a kan sandarta.

Ustaza ta ce, "To, mu bar wannan. Matar da take kirana a waya, mahaifiyarta, ina take?"

Na ce, "Allah Ya yi mata rasuwa."

Nan take ta ajiye alƙalami ta ɗaga hannu, malamin ma ya ɗaga, aka yi fatiha. Ta yi mana ta'aziyya da murya mai taushi, ta dubi yarinyar ta ce Allah Ya ba ta haƙuri. Na ji daɗin hakan, har na saki jiki. Da na sani da ban saki ba.

Ta ce, "Mahaifiyarta, Allah Ya jiƙanta, ta gaya min Faransancinta yana da ƙarfi. Kai yaya ka gani?"

Ga amsar da na ba da, kuma wallahi da zuciya ɗaya na ba da ita: "Ai ba ta iya komai ba, Ustaza. Shirme ne irin na yara."

"Karatunta gaba ɗaya fa?"

"Sai a hankali. Ba ta da kai sosai."

(A raina kuwa cewa nake, yau Gwaggo za ta ga ɗan da yayanta ya tarbiyyantar. Har na saci kallonta ina jiran ta gyaɗa kai.)

Ustaza ta rufe takardun a hankali. Ta ce wa malamin, "Ustaz, tafi da ita ɗakin malamai a ba ta ruwa." Suka fita. Ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur, fara'ar nan duk ta tafi.

Ta ce, "Ya Hajj, zan gaya maka gaskiya. Na daɗe a aikin nan, na sha ganin irin wannan. Uwa ta rasu, sai a wayi gari a ce yarinya ba ta da kai, don ta zauna ta yi girki ta riƙe ƙanne. Ban ce haka kake ba. Amma ga mutum a gabana da ya ƙi ce min shi ne ubanta, ya ƙi faɗin sunanta, ya ce ba ta iya komai ba. In ba kai ne uban ba, ba zan yi mata rajista da hannunka ba. In kuma kai ne, kuma abin da ka faɗa gaskiya ne, to aji ɗaya za ta koma, ba maganar Faransanci. Gurbin aji biyu guda ɗaya ne, akwai wata yarinya da ke jiransa. Yau zan yanke."

Ban taɓa jin zafin magana irin na ranar ba, don ta taɓa inda yake ciwo. Tun rasuwar, yarinyar ce ke girkin, ita ke wanke wa ƙannenta kaya. Na ga yatsan marigayiya yana zane a kan zanen gado. Na san abin da ya kamata in faɗa, kalmomin suna nan a jere, amma bakina ya ƙi. Abin da mutum ya yi shekaru yana haɗiyewa, ashe ba ya fitowa don kawai an buƙace shi.

Sai na ji sanda a kan ɗan yatsan ƙafata. Gwaggo ba ta ɗaga murya ba. Da Hausa ta yi magana, tana kallon gabanta.

"Kai, ɗan nan. Wadda take faɗa a madadinka tana kwance a maƙabarta. Ni kuma ba ni na haife ta ba. Buɗe bakinka."

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Ba wanda ya ce in tashi.

Na ce, "Sunanta Ramatu. 'Yata ce, ni na haife ta."

Da a nan na tsaya, da na fita ofishin nan da mutuncina. Amma ina. Sai na ji kamar an fasa randa. Na faɗi sunana da na mahaifina da na kakana wanda ya tako da ƙafa daga yamma. Na ce ranar Alhamis aka haife ta ana ruwan sama. Na ce ita ce ta ɗaya a ajinsu a Damagaram, kowace shekara. Na ce in tana wanki takan kama tashar Faransanci a rediyo, kuma tana dariya daidai inda masu maganar suke dariya, wanda ke nuna tana jin su sarai. Na ce ita ta yi jinyar uwarta a Soba ba ta taɓa ɓata fuska ba. Na ce miyar kukarta ba ta da na biyu a Umbadda (me ya haɗa miyar kuka da jarabawar shahada, har yau ban gano ba). Larabcin ya ƙare min a tsakiyar hanya, na ci gaba da Hausa, na dawo Larabci. Kuma duk wannan da muryar da nake kiran masu saye a bakin titi, wadda ake ji daga tashar mota.

Ƙarshenta, ni da ban san yadda ake cewa "ruwa" da Faransanci ba, na ɗaga yatsa sama na ce, "Faransawan kansu, in suka ji ta, sai sun koma sun gyara nasu."

A daidai nan rawanina ya warware, gefe ɗaya ya zubo min a kan ido. Na juya in kama shi, sai na ga ƙofar ofishin a buɗe. Ashe lokacin hutun karin kumallo ne. 'Yan mata sun cika baranda, wasu sun leƙo ta taga da burodi a hannu, malamai mata biyu suna tsaye da kofin shayi. A bakin ƙofar kuma ga malamin Faransanci, ga yarinyar a gefensa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

Malamin ya yi gyaran murya ya ce, "Ustaza, mun gama tun ɗazu. Na yi mata tambayoyi, na sa ta ta rubuta shafi guda. Aji biyu ya dace da ita, Faransancinta ya wuce na ajin ma. Ingilishi ne za a nema mata darasin yamma. Na zo in faɗa, amma Hajj bai ja numfashi ba."

Wata yarinya a taga ta tuntsire da dariya, sauran suka bi. Ustaza ta ja gefen tob ɗinta ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Da ta samu kanta sai ta mayar da tabarau ta ce, "Ya Hajj, ɗazu ba ta iya komai ba. Yanzu Faransawa suna koyo a wurinta. Wanne zan rubuta?"

Na ce, "Ki rubuta na malam."

Na zauna ina naɗa rawani, ya ƙi naɗuwa, na cusa shi a hammata. Gwaggo ce, da Larabcinta na kasuwa, ta yi wa Ustaza bayanin kunyar ɗan fari. Ustaza ta saurara har ƙarshe, ta ce ita ba ta taɓa jin haka ba, ta ba ni haƙuri kan zaton da ta yi. Ni ma na ba ta haƙuri, ko da yake ban san kan wanne daga ciki ba. Ta tambaye ni tsarin da muke so, na ce, "Aji biyu, ɓangaren adabi, Faransanci." Wannan kaɗai na faɗa daidai a ranar. Na sa hannu a inda aka nuna min, kuma da na ga an rubuta sunanta a rajistar aji biyu sai na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina, wanda tun daga asibiti nake ɗauke da shi.

Fitowarmu sai da muka ratsa barandar nan. 'Yan matan suka buɗe mana hanya da ladabi, wata daga baya ta ce, "Ma'assalama, ammu," wato a sauka lafiya, baffa, wata ta ƙara, "A gaida Faransawa." Ban waiga ba.

A cikin hafla Gwaggo ta jira har muka hau gada, inda ba wurin gudu, sannan ta fara.

"An ce ka buɗe baki, ba a ce ka cire ƙyauren ba."

"Gwaggo, ke kika ce."

"Suna na ce ka faɗa. Ina ruwan malama da kakanka? Da ka gaya min maroƙi zan raka, da na zo da kalangu." Ta gyara zama. "Yayana da yana raye, yau da ya bar garin nan."

Na sunkuyar da kai. Can sai ta ƙara, ƙasa-ƙasa, "Amma yarinya ta shiga. Shi ke nan."

Yarinyar kuwa tana kallon waje ta taga, tun daga kan kogi har muka kusa sauka. Sannan, ba tare da ta juyo ba, ta ce, "Baba, ba ni ce ta ɗaya ba a can. Ta uku nake zuwa."

"Ke, yi shiru."

"Kuma Inna ta ce ranar Laraba aka haife ni."

Na ga gefen fuskarta a gilashin taga. Murmushi take yi, irin wanda ban ga ta yi ba tun kafin mu fara zaryar Soba. Idonta kuma ya cika da ruwa. Na mayar da kaina ga fankar da babu ita a cikin motar.

Kafin sati ya zagayo Gwaggo ta gama raba labarin gida-gida, da ƙari. A nata bayanin har kan tebur na hau. Abokaina a bakin tukuba suka samu abin yi: wanda ya zo sayen agashe sai ya ce, "A zuba min irin wanda Faransawa ke ci." Na haƙura, don ni na jawo.

Girkin gida na karɓe shi da rana, ƙannenta suka koyi wanke kayansu, ita kuma tana tsallaka gada kullum da safe, da yamma ta tsaya darasin Ingilishi. Da ta gama aji uku ta zauna jarabawar shahada, sakamako ya fito, ya zo yadda marigayiya ta zana shi a kan zanen gado: Ingilishi ta tsallake da ƙyar, Faransanci ya ɗauke ta sama. Ta samu gurbi a sashen harsuna na jami'a. Ranar da aka faɗa min, na je maƙabarta na tsaya na ɗan jima ina addu'a.

Abin da na koya bai da yawa. Kunya abu ne mai kyau, har gobe ina ganin girmanta, amma ba kowane ofis ake shiga da ita ba. Kuma mutumin da ya daɗe bai yabi ɗansa ba, ranar da zai fara ya tabbatar an rufe ƙofa, ya kuma tambayi ranar haihuwar tukuna.

Sunan nan na faɗe shi a gaban makaranta guda, yau kuma na rubuta shi sau ɗaya a nan. Amma ba wannan uwarta ta roƙe ni ba. A gida ta ce. Nakan shirya shi a bakina in na ji motsinta a tsakar gida, in ta ce "Na'am, Baba?" sai in ji na ce, "Ke, miƙo min buta."

Har yanzu ban kira ta da shi ba.